Mangala Biyu daga Ramin Kan Iyaka

A shekarar da damina ta tsaya gero bai kai ba, manoman tsakanin Boɗinga da Shagari suka koma tonon farin dutsen da masu siminti ke saye. Maniru, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Ibadan ba, shi ke auna shi yana saye a hannunsu a bakin titi.

Rami mafi albarka yana kan iyakar Tungar Bawa da Gidan Sodangi, kowane ƙauye na cewa nasa ne. Da aka sari wani saurayin Tungar Bawa a can, Maniru ya kafa sharaɗi. Ba zai ɗora dutsen ramin a sikeli ba sai mutumin wannan ƙauye da na wancan sun kawo shi tare. A ganinsa, in dutsen ya rasa mai saye, babu wanda zai zub da jini a kansa.

Ran Laraba sai ga kawunsa Na'Allah na Tungar Bawa da jaki da mangala biyu, shi kaɗai. A gidansa Maniru ya tashi bayan rasuwar mahaifinsa.

"Sannu da hanya, Kawu. Daga ina dutsen?"

"Daga gonata. Mi kaka nufi?"

Maniru ya dubi kwari da bakan da ke ɗaure a gefen mangala. "Kawu, wa ke zuwa gonarsa da kibau?"

Masu jiran awo suka juyo suna kallonsu. Akwai mutanen Gidan Sodangi a cikinsu.

"To, daga can ne," in ji Na'Allah. "Yaron ga, da hatsina munka kai ka boko. Yau rumbuna babu ko zangarniya. Auna!"

Maniru ya san in ya auna wannan, gobe ƙauyukan biyu za su kwana a bakin ramin da makamai.

"Ku samo mutum ɗaya na Gidan Sodangi, ku zo tare."

"In roƙi waɗanda sunka sari ɗan ƙanena? Allah shi sawwaƙe!"

Ya zazzage dutsen a gaban sikeli, ya ja jakinsa.

Kafin wata ya mutu aka daina zuwa ramin, ba a sake sarar kowa ba. Ba a kuma samu mutum biyu da suka zo tare ba. Maniru ya aika wa kawunsa buhun gero, aka dawo masa da shi a ɗinke. A kasuwar Shagari ya ji Na'Allah ya sayar da jakin.