Faɗin Dutse da Zurfinsa

Shekara arba'in ana ce masa Mai Ido, don in aka ajiye masa lu'ulu'u a kan baƙin ƙyalle, kallo ɗaya yake yi ya faɗi nauyinsa karat nawa ne, sikeli sai dai ya biyo baya ya gaskata shi. To, bana idon ya fara yi masa gardama. Autarsa, wadda ya koya wa aikin, ta sa shi gaba da maganar ya bar mata teburin ya huta. Shi kuwa wallahi tsoron wannan ranar yake. Da ta ishe shi, suka yi alkawari: dutsen da aka kawo nan gaba, in ya kuskure nauyinsa, ya tashi.

Da la'asar wata malamar makaranta ta shigo da dutsen da ya faɗo daga zoben mahaifiyarta, tana so a mayar. Rana ta leƙo ta taga ta sami dutsen, sai ɗigon haske ya watsu a silin yana lilo. Tsohon ya ɗora gilashin dubawa a ido, ya sunkuya. Bai ga baki ba, bai ga kusurwa ba. Wani farin ruwa ya gani yana motsi a hankali, irin wanda marigayiya matarsa ke bari a kwano bakin taga, har ya ji kamar tana bayansa tana yi masa tsiyar ya cika son aiki. Ya jima a haka.

Auta ta ɗauki ma'auni ta kama faɗin dutsen, ta faɗa da ƙarfi, wai milimita shida da rabi. Kai, yarinyar nan! Ko sabon shiga ya san zagayayyen dutse mai wannan faɗin karat ɗaya ne. Amsa take miƙa masa don tausayi, abin kuwa ya yi masa ciwo.

Sai ya yi abin da ya hana ta tun tana ƙarama, ya ɗauki dutsen da yatsa, maiƙon hannu da komai. Ya juya shi. Tsinin ƙasan dutsen ya taɓo yatsansa da wuri. Ashe wanda ya yanka shi fuska ya baje, ya rage zurfi.

"Bai kai ɗaya ba," in ji shi. "Kashi uku cikin huɗu."

Sikeli ya ba shi gaskiya. Auta ta yi dariya har da share ƙwalla, ta ce shi ke nan, tebur nasa ne.

Ya cire igiyar gilashin daga wuyansa, ya rataya mata.

"Ban gan shi ba, Auta. Tun da aka ajiye shi haske kawai nake gani."

Ya miƙe ya ja mata kujerar, ya ce ta goge dutsen tukuna, tunda ya ɓata shi da hannu.