Gora Mai Jan Zare

Gora ta huɗu ce ta tsayar da hannun Uwaliya. Tana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, baho cike da ruwan kumfa a gabanta, ranar bazara ta take har kaji sun saki fuka-fukai suna haki. Ta kwance murfin, ta kai bakin gorar hancinta kamar yadda take yi wa kowacce kafin ta tsoma a ruwa, sai ta ji shi. Wani zaƙi mai nauyi, irin na shagon magani, ya kwanta a ƙarƙashin ƙamshin citta.

Shekara goma sha tara ke nan tana haɗa zoɓon taro a Gwarzo, tun rasuwar maigidanta. Suna ne, biki ne, walimar sauka ce, in dai ana zafi, sai an nemi hannun Uwaliya. Bayan an watse a dawo mata da gorunan roba a buhu, ta shinshina su ɗaya bayan ɗaya. Ta san warin kodin, maganin tarin nan da ake tsiyayawa a lemo don a bugu. Duk gorar da ta ji shi a ciki, kwandon shara take wurga ta da tsaki, ta ce, "Wai ina iyayen yaran nan suke? Ka haifi ɗa ka kasa sanin abin da yake sha!" Uwaliya ba ta da sauƙin baki, kuma ba ta taɓa ganin dalilin da za ta sassauta ba.

Amma wannan gorar akwai jan zare ɗaure a wuyanta.

Ita ta ɗaura shi da hannunta. Duk Juma'a tana ba Baƙo direba goruna shida ya kai Kabo, gidan autarta Badi'a, ya dawo mata da waɗanda aka shanye. Na Badi'a daban take haɗawa, sukari kaɗan, citta da yawa, shi ya sa take yi musu alama. Ta ɗauko ta biyar, ta ɗauko ta shida. Duk haka. Ta koma ta farko da ta riga ta tsoma, ta ciro ta tana ɗiga, kamar kumfa zai ba ta wata amsa. Gabanta ya faɗi, faɗuwar da bai yi ba tun ranar da aka ce jaririn Badi'a, Mahbub, ya koma, wata tara da suka wuce.

* * *

Hajiya Zubaidatu ta Kabo ta ba ta aikin zoɓon sunan jikarta na ranar Lahadi. Da can a gida Uwaliya take haɗawa ta aika a kula. Wannan karon ta ɗaure kayanta ranar Asabar da hantsi, ta shiga motar Baƙo da kanta.

Ta tarar da Badi'a kwance a tabarma, azahar ta kusa, tsakar gida ba shara. Mijinta Haladu yana kudu da babbar mota, sai ya yi sati uku bai leƙo ba.

"Inna! Ke ce da rana haka? Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya ƙalau, Auta. Ya zafi? Ya kaɗaici?"

"Alhamdu lillahi."

Gaisuwar ta cika, sai dai kalmomin a jaye suke fitowa, idanun kuma sun yi nauyi. Yarinyar da a da ba a gama tambaya ta ba da amsa. Uwaliya ta ce, "Tashi ki hura mini wuta. Tsufa ya fara taɓa ni, ba zan iya aikin nan ni kaɗai ba."

Suka ɗora babbar tukunya. Uwaliya ta wanke zoɓo sau uku don yashi, ta zuba shi da ɓawon abarba da kanumfari. Ba ta barinsa ya yi ta tafasa, tafasa ɗaya take saukewa ta rufe, ta ce wanda ya daɗe a wuta ɗaci yake yi. Ta yanka kankana, ta cire 'ya'yan da bakin wuƙa, ta murje jan naman a rariya har ruwan ya taru a kwano. Badi'a na gefe tana goga ɗanyar citta. Sau biyu cittar tana suɓuce mata, sau biyu uwar tana ɗauko mata ba tare da ta ɗaga ido ba.

Da zoɓon ya huce suka tace, aka juye ruwan kankana da na abarba, aka matse lemon tsami. Uwaliya ta ɗebi kofi guda kafin a sa sukari, ta ƙara masa citta, ta jefa ƙanƙara, ta miƙa wa 'yarta.

"Ga naki."

Badi'a ta karɓa, ta miƙe. "Bari in sha a ɗaki, Inna."

"Zauna ki sha a nan."

"Zafi ne a wajen."

"Auta. Sha a gabana."

Ta zauna. Ta kurɓa sau ɗaya, ta riƙe kofin da hannu biyu. Uwaliya ta kwance bakin zaninta, ta ciro guntun jan zare, ta ajiye a tabarma tsakaninsu. Duk faɗan da ta tanado tun daga Gwarzo ya tsere mata. Tausayi ne kawai ya rage, mai ciwo.

"Hancina bai tsufa ba," ta ce a hankali. "Tun yaushe?"

Badi'a ta dubi zaren.

"Bayan arba'in ɗin Mahbub. Ba na barci, Inna. In na rufe ido sai in ji nono ya kawo, in laluba gefena. In na fara kuka a ce in yi shiru, hawayena wuta ne a kansa. Kowa haka ya ce."

Uwaliya ta sunkuyar da kai. Ita ma ta faɗa. Ita ce ma ta fara faɗa, ranar da aka fita da shi a ɗan likkafani, ta toshe bakin 'yarta da tafin hannu don kada mutane su ce ba ta da tawakkali.

"Wa ya ba ki?"

"A gidan biki ne. Akwai ɗakin da mata suke shiga su turo ƙofa. Wata ta ce in sha, zan samu barci." Ta dubi kofin da ke hannunta. "A cikin zoɓonki ta zuba mini, Inna. Da na ji ɗanɗanon hannunki ne, shi ya sa ban ji tsoro ba."

Uwaliya ta dubi babbar tukunyar nan, cike fal, ja wur, tana jiran taron gobe. Sannan ta matso, ta karɓe kofin, ta jawo kan 'yarta ta ɗora a cinya kamar za ta yi mata kitso.

"Yi kukanki. Ni na hana ki, ni na ce ki yi. Ba abin da zai ƙona shi."

Badi'a ta yi kuka har aka kira la'asar, uwar tana shafa bayanta, ƙanƙarar ta narke a kofi.

* * *

Da yawun Haladu, ta waya, Uwaliya ta taho da ita Gwarzo. Ta kai ta asibiti, ta tsaya a layi a gaban mutanen da suka san ta, ta faɗi abin da ya kawo su da bakinta. Kwanakin farko ba su yi daɗi ba. Gumi, amai, ciwon gaɓoɓi, da faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba. Likita ya ce tafiyar da nisa, kuma akan koma wa shan bayan an daina.

Ranar Alhamis Baƙo ya kawo buhun gorunan sunan gidan Hajiya Zubaidatu. Uwaliya ta zauna gindin darbejiya ta fara aikinta. Bakwai ta ware masu warin kodin. Ta ɗaga ta farko za ta wurga a shara, tsakin ya zo bakinta ya tsaya. A bakin gorar akwai shatin janbaki. Ta jera su a jikin bango, a inuwa, ta rasa yadda za ta yi da su.

Badi'a na zaune a ƙofar ɗaki, ta rame, tana shan zoɓonta mai citta a hankali. Da ta shanye, Uwaliya ta miƙa hannu ta karɓi kofin don ta wanke. Ba ta yi niyya ba. Hannun ne ya saba, ya kama hanyar hanci, ta tsayar da shi a tsakiya. Suka haɗa ido.

Badi'a ta yi ɗan murmushi, idonta ya ciko.

"Shinshina, Inna," ta ce. "Gobe ma ki shinshina."