Layin da Malam Tasi'u Ya Manta

Shekara biyu ke nan ban taɓa fayil ɗin mijina ba, kuma Dakta Ashafa, shugaban sashenmu, ya sani sarai. Amma ranar Laraba ya tsaya a ƙofar ofishina ya ce, "Malama Mahbuba, ɗalibai ba za su ci gaba da koyo da abin da ke tsayawa cak ba. Ki gyara kafin Litinin."

Na ce to. A raina kuwa na ce, kai dai ba ka da aiki sai tsayuwa a ƙofar mutane.

Ni da mijina Malam Tasi'u, Allah ya jiƙansa, muka rubuta ƙaramar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, don koyarwa. Ni na rubuta yadda manhajoji ke aika wa juna saƙo, shi ya rubuta yadda ake raba musu wurin ajiya. Dabarar haɗa su tasa ce. Ya ce, mutumin Taura ba ya kwashe gero buhu-buhu ya kai wa maƙwabci, nuna masa rumbun yake yi. Saboda haka ba a kwafar saƙo. Shafin ajiyar da saƙon yake ciki ake buɗe wa mai karɓa, su riƙe shi su biyu.

A saman fayil ɗinsa akwai layin da kwamfuta ke sabuntawa da kanta: wanda ya taɓa shi na ƙarshe, da ranar. Sunansa ne a wurin, da wata Talata, kwana huɗu kafin hatsarin da ya yi ajalinsa. Na san akwai kwafi, kada kowa ya gaya mini. Ni dai wannan layin nake buɗewa in kalla idan kewa ta ishe ni, kuma kullum tana isata.

Ranar Asabar bayan la'asar na zauna a teburinsa a gidanmu na Takur. Na fara laluben kuskuren a ɓangarena, ina addu'ar nawa ne. Ba nawa ba ne. Na shiga nasa, ina karanta bayanan da yake sakawa tsakanin layuka. Wani wuri ya rubuta, "Mahbuba, kar ki taɓa nan, hannunki da zafi." Ji mutum. Na yi dariya har da hawaye, na ji kamar ƙamshin soyayyar gyadar da yake ci yana aiki.

Can ƙasa na samo shi. Idan manhajar da ta aika saƙo ta rufe, sai a goge shafin nan take, ko da mai karɓa bai gama karantawa ba. Shi ke nan, kwamfuta ta tsaya. Duk wayonsa bai kawo a ransa cewa mai aikawa zai iya riga mai karɓa tafiya ba.

Na ce a fili, "Malam, ai ka yi shirme."

Gyaran layi ɗaya ne: kada a goge shafi muddin akwai mai riƙe da shi. Na rubuta, na daɗe yatsana na kan madanni har aka kira magariba. Sannan na danna.

Sunansa ya tafi, nawa ya hau. Na gwada: na aika saƙo, na rufe mai aikawa, na jira. Saƙon yana nan, har ƙarshensa.