Rantsuwar Dadda Meziyan

Ranar Juma'a ce a ƙarshen Nuwamba, an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi da laka. Tun hantsi Lunis yake kan tsani yana tsefe rassan zaitun da yatsu, 'ya'yan suna zuba a ragar da aka shimfiɗa a ƙasa. Direban bas ne a birni. Hutun kwana biyu ya samu, ya kwaso matarsa Ferruja da 'yarsu Tiziri suka hawo ƙauyensu na kan dutse don su taya mahaifiyarsa girbi. Tsohuwar, Yemma Sekura, ta hura wuta tana gasa gurasa, tana mitar cewa hannun mutanen birni bai iya komai ba sai latsa waya.

Karen gidan, Abarkan, yana kwance a bakin raga. Na marigayi Akli ne, mahaifin Lunis. Ya tsufa har bakinsa ya yi furfura, kuma duk inda Tiziri ta sa ƙafa idonsa yana can.

A tsakiyar gonar akwai wata babbar bishiya da ba tasu ba. Da aka raba gadon kakansu, ƙasar ta faɗo wa mahaifin Lunis, bishiyar kuwa ta faɗo wa ƙanensa Meziyan, haɗe da filin da ke gangare, wanda hanyar fitar da buhuna ta ratsa. Meziyan ya yi shekara ashirin a Faransa, bana ya dawo da ciwon gwiwa. Karen bai san shi ba.

Tiziri, 'yar shekara shida, tana ƙarƙashin bishiyar tana tsintar waɗanda iska ta kakkaɓo, sai ga Meziyan ya ɓullo da doguwar sandar kaɗa zaitun a kafaɗa, babban ɗansa Arezki yana biye da shi.

"Ke ɓarauniyar birni, wa ya ce na mutu da za ki ci gadona?"

Wataƙila wasa yake yi. Amma ya kama kwandonta ya ja, sandar tana sama a ɗaya hannun, yarinyar kuma ta ƙwalla ƙara. Kafin Lunis ya diro daga tsani, Abarkan ya riga ya cafke tsohon a sha-raɓa ya kai shi ƙasa. Da ƙyar suka ɓamɓare shi, buhu guda ya kife a laka wajen kokawar.

Meziyan yana zaune cikin taɓo, wandonsa a yage, jini yana bin safa. Maƙwabta sun leƙo daga gonakinsu. A gabansu ya ɗaga yatsa ya ce, "Wallahi idan karen nan ya kai magariba da rai, ko buhu ɗaya ba zai bi ta filina ba."

Arezki ya ɗauke shi a mota zuwa asibitin ƙauye.

Buhu goma sha huɗu ne a jingine, kuma gobe da safe layinsu ne a injin matsar mai. Zaitun idan ya daɗe a buhu zafi yake ɗauka, man ya yi tsami. Babu wata hanya sai gefen dutse, inda ko jaki ba ya bi. Man nan shi ne na shekara, na Yemma da na 'yan'uwan Lunis mata biyu.

Yemma ba ta tashi hankalinta ba. Ta ce wa Lunis idan an yi la'asar ya nemi dattawa biyu, ya riƙe ƙullin kofi da sukari, ya je gidan Meziyan ya zauna a ƙasa ya sunkuyar da kai. Haka ake yi.

"Ni zan durƙusa wa mutumin da bai zo jana'izar Baba ba?"

"Ƙanen ubanka ne. Gwiwarka ba za ta karye ba."

Lunis ya ce Dadda Meziyan, wato baffan nasa, ya daɗe yana neman dalilin toshe hanyar, yau ya samu, kuma so yake a ga ɗan Akli yana roƙo a gaban mutane sannan ya ƙi. Ferruja ta ce su tafi da karen birni, ya tuna mata cewa a bene hawa na huɗu suke zaune, kuma rantsuwar ba ta ce a kawar da shi ba. Tsohuwar ta ce ita dai ta faɗa masa, ta ja Tiziri suka tafi rijiya alwala.

Lunis ya shiga bukkar gona ya ɗauko bindigar farautar mahaifinsa. Da karen ya ga bindiga sai ya miƙe yana kaɗa wutsiya, don ya zaci farauta za a tafi. Shi ya shiga gaba a hawan dutsen, yana ɗingishi, yana shinshina kowane kurmi kafin ya bar Lunis ya wuce. Da suka kai bayan wani dutse, Lunis ya ce masa ya zauna. Ya zauna.

Bai koma gona ba. Kai tsaye ya gangara gidan Meziyan da igiyar wuyan karen a hannu.

Tun daga ƙofa ya ji ƙamshin kuskus. A ɗakin baƙi tsohon yana kishingiɗe, ƙafarsa a naɗe a kan kujera. Dattawa biyu suna zaune, an jera kofuna, an bar wuri ɗaya a tabarma. Arezki ya tare shi yana murmushi, ya raɗa masa cewa tun dawowarsu daga asibiti tsohon ya sa a dafa abincin mutum goma na kaffara, don haka kada ya tsawaita, kalma biyu ta isa.

"Ka makara, ɗan Akli, kofi ya huce," in ji Meziyan. "To zauna, muna jin ka. Shegen karen nan haƙoransa sun fi nawa ƙwari."

Lunis ya ajiye igiyar a tabarma.

Tsohon ya dubi igiyar, ya dubi lakar da ke gwiwar wandon Lunis.

"Wa ya aike ka?"

"Kai ka rantse, Dadda."

"Na rantse mana. Ubanka sau uku yana rantsewa a kaina, sau uku ina zuwa da sukari." Ya juya fuskarsa bango. "Karen da ya tsare jikar wana."

Ɗaya daga cikin dattawan ya fara neman takalminsa.

Washegari buhuna suka bi ta filin, ba wanda ya hana. Tiziri kuwa ta wuni tana zagaye gona tana kiran Abarkan. Abin da aka rasa a girbin bana: rabin buhun zaitun a laka, wando ɗaya, harsashi ɗaya, da kare ɗaya mai shekara goma sha ɗaya.