Gwamnati Ta Ce a Ba Ki

"Sake bugawa," in ji Tahir, ya turo mata kalkuleta a kan teburin POS ɗinsa. "Wataƙila ni ne na yi kuskure."

Rumasa'u ta sake bugawa. Kuɗin makaranta na shekara huɗu, da ɗan kuɗin abinci da asusun lamunin ɗalibai zai riƙa ba ta duk wata. Adadin bai canja ba: miliyan ɗaya da rabi da 'yan kai. Gobe Juma'a za a rufe karɓar takardun neman lamunin. In ba ta cike ba, gurbin da jami'a ta ba ta na karatun aikin walwalar jama'a ya tafi ke nan, domin babu mai iya biyan kuɗin a gidansu.

"To kin gani," in ji yayan nata. "Bashi ne, ba sadaka ba. Kina fara aiki za a fara yanka. Wane aikin ma? Ƙungiyoyin nan masu fararen motoci duk sun naɗe tabarmarsu sun bar Mubi. Na ce miki zan buɗe wata rumfar a tashar motocin garin Uba, ki riƙe, riba mu raba biyu."

"Yaya, ba komai ne kuɗi ba."

"Haka marasa shi suke cewa. Je ki tambayi Walfiyar taki nawa ake ba ta. In kin ji kuma kin dawo kina so, ni da kaina zan raka ki shagon kwamfuta a cike."

Walfiya shi ne sunan da mutanen gari suke kiran Madam Salome, jami'ar walwalar jama'a. Rumasa'u tana da shekara takwas lokacin da aka yi gudun hijirar nan da ya kwashe mutanen Mubi. Sun dawo babu mahaifinsu, shagonsa ya zama toka. Wannan matar ce ta shigo gidansu a Yelwa da littafi a hannu, ta zauna a ƙasa kusa da Inna, ta saurare ta har ta gama kuka. Washegari aka kawo musu buhun masara. Tun daga ranar, duk wanda ya tambayi Rumasa'u me za ta zama, sai ta ce Walfiya.

Keke napep ya sauke ta a bakin ofishin. Ɗaki ɗaya ne, da benci a waje da fanka marar motsi a sama. Madam Salome ta yi furfura, amma ta gane ta tun daga ƙofa.

"A'a, ƙanwar Tahir! Shigo. Yaya Inna da ƙafa?"

Bayan gaisuwa Rumasa'u ta miƙa mata takardar shiga jami'a. Madam Salome ta karanta har sau biyu tana murmushi. Da aka zo maganar lamuni, sai murmushin ya ragu.

"Mama, ki yi haƙuri da tambayar," in ji Rumasa'u, kanta a sunkuye. "Nawa ake biyan mai wannan aikin?"

Madam Salome ba ta ji haushi ba. Ta buɗe durowa ta zaro takardar albashinta, ta shimfiɗa a tebur.

"Shekara ashirin da shida ke nan. Dubu ɗari da goma sha takwas. Sabon ɗauka bai wuce tamanin ba, in an ɗauka. Kawo biro mu yi tare, kada ki ce tsohuwa ta ruɗe ki."

Suka yi lissafin a hankali, layi bayan layi. In an yanki kashi goma duk wata, bashin zai bi ta shekara goma sha shida. Rumasa'u ta daɗe tana kallon adadin. Ya yi nauyi, amma ba wanda zai kashe mutum ba ne.

"Zan iya," ta ce.

Kafin Madam Salome ta amsa, wata mata ta yi sallama, goye da jaririya, zaninta jiƙe har gwiwa. Daga Kolere take. Ta ce mayo, wato rafi, ya cika, sai da ta zagaya. Mijinta ya tafi cirani wata bakwai babu labari, jaririyar tana zazzaɓi, an rubuta magani a asibiti kuma ba ta da ko sisi.

Madam Salome ta rubuta komai a littafi, ta yi mata tambayoyi cikin Hausa da ɗan Fulatanci. Sannan ta ce ta jira a benci. Da matar ta fita, ta sunkuya ta jawo jakar hannunta daga ƙarƙashin tebur, ta ƙirga dubu uku, ta sa a ambulan mai ruwan ƙasa, ta buga masa hatimin ofis. Ta kira matar.

"Ga shi. Gwamnati ta ce a ba ki."

Matar ta karɓa ba ta durƙusa ba, ta fita. Tagar a buɗe take, don haka duk suka ji lokacin da ta yage ambulan ɗin, suka kuma ji abin da ta ce wa wata da ke zaune a bencin.

"Dubu uku! Na rantse goma aka aiko. Allah ya isa tsakanina da Walfiya."

Rumasa'u ta miƙe zumbur. Madam Salome ta riƙe mata hannu.

"Zauna."

"Mama, daga jakarki fa kika ciro! Na gani da idona."

"Kin gani. Ofishin nan ya yi shekaru ba a turo masa kuɗin taimako ba. Littafi da hatimi kawai muke da su."

"To me ya sa ba za ki faɗa mata ba?"

"In na ce nawa ne, kunya za ta hana ta karɓa. In ta karɓa kuma, duk inda ta hango ni sai ta canja hanya, ranar da abin ya fi wannan tsanani ba za ta dawo ba. Amma na gwamnati haƙƙinta ne. Mutum yana karɓar haƙƙinsa kansa a ɗage." Ta mayar da hatimin cikin durowa. "Kuma duk wanda ya karɓi na gwamnati, ya tabbata an gutsura kafin ya iso gare shi. Wannan ba ya cikin takardar albashi, shi ya sa na ce ki zauna."

Rumasa'u ta kalli jakar. Ta tambaya a hankali, "Masarar da aka kawo mana fa?"

Madam Salome ta ce, "Mijina yana da gona a kan dutse, wajen Michika. Shekarar ta yi kyau, ba a ƙone ta ba."

Rumasa'u ba ta hau keke ba da za ta koma. Ta taka da ƙafa har Yelwa, takardar lissafin a dunƙule a hannunta. Ta tarar da Inna a tsakar gida tana gyaran yakuwa. Ta zauna ta ba ta labari duka, daga jaka har gonar kan dutse.

Inna ba ta ɗago kai ba.

"Ita ta faɗa miki haka?"

"Ita ta faɗa, Inna. Kuma na ga na yau da idona."

"Ke yarinya ce. Buhu biyu-biyu aka rubuta wa kowane gida, duk unguwar nan an sani. Ɗaya ta kawo mana. Ban taɓa faɗa miki ba ne don na ga kina sonta." Ta watsa ganyen cikin kwano. "Na yau kuwa, wa ya san abin da ta fara zubawa a jakar?"

Shekara goma sha ɗaya Madam Salome tana tambayar ƙafar Inna. Rumasa'u ta warware takardar, ta sake kallon shekara goma sha shidan da suka lissafa. Wannan ta ce za ta iya, kuma har yanzu ta san za ta iya. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta bayar da nata a kira ta ɓarauniya. Ta ɗauki waya ta kira Tahir.

"Yaya, rumfar tashar nan. Yaushe za a fara?"

Ya yi dariya ta cikin wayar. "Kin ji albashin ke nan."

"Na ji," ta ce, ta kashe.

Inna ta ɗago a karo na farko, fuskarta ta saki.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Dama ban so ki shiga cikin ɓarayin nan ba."