Taya Daban, Ceto Daban

Jamilatu ba ta iya ganin aiki a hannun wani ta bar masa. Shekara goma sha tara tana aikin jinya a wani babban asibiti a Camberwell, cikin Landan, amma tun tana Kano haka take, ko tsintsiya ta gani a hannun baƙo sai ta fisge. Mijinta Almu yakan ce da za a bar ta, numfashi ma sai ta yi wa mutane. Mutuniyar kirki ce, babu mai musu, sai dai kirkin nata ba ya sallama kafin ya shigo.

Ƙofar da ke kallon tasu a hawa na biyu, a Abbey Wood, ta wata tsohuwa ce 'yar Japan mai suna Fumiko. Ta auri Bature, ta yi shekara arba'in tana koyar da harshen ƙasarsu, mijin ya rasu, 'yarta tilo kuma tana Kanada. Gwaggo Fumi Jamilatu take ce mata, tun ranar da tsohuwar ta riƙe mata 'yarta Zarah tana jaririya don ta samu ta je jarrabawa. Yanzu Zarah tana jami'a, amma sunan ya zauna.

A farkon bazara Gwaggo ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, hannun dama ya ƙi. Council, hukumar yankin, ta turo masu kula da ita har uku, ta sallame su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi mai sanyi, irin wanda gara a zage ka. Sai 'yar ta bugo wa Jamilatu tana kuka, ta ce ranar Alhamis wata ma'aikaciya za ta zo duba yadda tsohuwar ke zaune, kuma idan har yanzu ba ta yarda kowa ya shigo mata ba, ita ta riga ta kama mata ɗaki a gidan tsofaffi. Shekara talatin da ɗaya Gwaggo ta yi a gidan nan. Jamilatu ta ji abin har cikin ranta, don ta san wannan matar idan aka ɗauke ta daga ɗakinta ba za ta ga wata bazarar ba.

Ta lura tun ciwon nan Turanci yana kuɓuce wa Gwaggo idan ta gaji, sai ta koma harshen uwa. Don haka ranar Litinin, a cikin jirgin Elizabeth line, ta tambayi wayarta yadda ake cewa taimako da Japananci. Waya ta ce tasukeru, ta kuma nuna mata yadda ake juya shi. Tun daga Abbey Wood har Whitechapel tana maimaitawa a ƙasan maƙoshi, har mutumin da ke kusa da ita ya matsa gefe.

Da yamma ta zuba farfesu a kwano, ta ƙwanƙwasa. Gwaggo ta buɗe, rigar sanyinta a karkace, maɓalli biyu ba a ramukansu ba. Jamilatu ta rusuna yadda ta ga ana yi, ta ce da ƙarfinta, "Tasukemasu." Tsohuwar ta dube ta daga ɗankwali har silifa, ta rufe ƙofa a hankali.

Almu ya yi dariya har da tari. "Maman Zarah, ke da Hausa ma sai an yi miki control, kin tafi Japananci? Wa ya sani ko kin ce mata za ki yi arresting ɗinta ne."

Ran Jamilatu ya ɓaci sosai. Tana cikin mayar da farfesun tukunya aka ƙwanƙwasa. Gwaggo ce, da fensir a hannun hagu da bayan wata ambulan. Ashe fushi bai hana ta komai ba, amma kuskuren ɗaliba ya hana ta zama. Malami ko ya tsufa malami ne.

Ta zauna a teburin kicin ba tare da an ce ta zauna ba. Da Turancinta da ya zama guntu-guntu, da zane mai karkata, ta zana kogi da kan mutum a ciki, hannu a sama. Wannan, in ji ta, shi ake yi wa tasukeru: ya kasa, ƙarfinsa ya ƙare, sai wani ya ciro shi. Ta zana wani a kwance, ta ce akwai sukuu, wanda ya fi wancan nauyi, na mai fitar da rai daga halaka. Sannan ta zana mutum biyu riƙe da tebur ɗaya. Tetsudau. Aikin na mai shi ne, shi ya fara, shi zai gama, kai hannu kawai ka ara masa.

Ta ajiye fensir, ta ce, "Ni ban faɗa kogi ba, Jamila."

Kunya ta kama Jamilatu kamar ƙasa ta tsage ta shige. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ta san wannan tun tana goye. A gidansu a Kano, mace ba ta shiga ta tarar da wata tana daka ta ce ta zo ceto. Sannu da aiki za ta ce, kawo in taya ki, ta ɗauki taɓarya ta biyu, turmi kuma na mai shi ne. Agaji na wanda gobara ta ci ne, ceto na wanda ya faɗa rijiya. Ba a taɓa jin wanda taya ta zubar wa mutunci ba. Ta faɗa wa Gwaggo haka, tsohuwar ta sa ta maimaita taya sau uku, ta rubuta a ambulan da haruffan ƙasarsu.

Sanin kalma daban, iya ta daban. Washegari Gwaggo ta ce za ta dafa shinkafa, ta ba Jamilatu aiki ɗaya tak: ta riƙe kwano. Tsohuwar tana cuɗa shinkafa da hannun hagu, ruwa yana fantsama, ƙwayoyi suna zuba a ƙasa, aikin minti biyu ya kai minti ashirin. Yatsun Jamilatu har ƙaiƙayi suke. Sau biyu hannunta ya tafi da kansa, sau biyu Gwaggo ta ce tetsudau ba tare da ta ɗago kai ba. Wajen maɓalli ma haka, Jamilatu ta riƙe bakin riga, Gwaggo ta tura. Ranar Laraba ta koma gida ta gaya wa Almu cewa duk shift ɗin da ta taɓa yi babu wanda ya gajiyar da ita kamar riƙe kwano.

Ranar Alhamis da hantsi ma'aikaciyar ta zo, wata mai fara'a da ake kira Juliana, da takardunta. Ta duba banɗaki, ta duba kicin, sannan ta zauna ta yi tambayar da kowa ke tsoro: shin Gwaggo ta yarda tana bukatar taimako?

"A'a," in ji Gwaggo.

Juliana ta sunkuya za ta rubuta. Sai tsohuwar ta miƙe, ta ce baƙuwa ba za ta tafi ba ta sha shayi ba. Ta nufi kicin, ta dubi Jamilatu, Jamilatu ta bi ta. Jamilatu ta riƙe buta, Gwaggo ta zuba ganye. Jamilatu ta tallafi gindin buta, Gwaggo ta tsiyaya. Kofi uku suka cika, ba a zubar da ko ɗigo ba. Gwaggo ta kai wa Juliana nata da hannunta, ta ce idan council tana da mutanen da suka iya riƙe buta su yi shiru, a turo su da safe, Jamila za ta koya musu. Juliana ta soke abin da ta fara rubutawa.

Bayan Juliana ta tafi suka koma suka zauna. Jamilatu ta tashi za ta kwashe kofuna, ta tuna, ta koma ta zauna. Gwaggo ta kamo wuyan hannunta da hannun nan mai lafiya, ta riƙe da ƙarfin da ba a zata ba.

"Tasukarimashita," ta ce.

Jamilatu ta ji kan kalmar, ta gane dangin wacce ce. Ta ce, "Gwaggo, ai wannan ta kogin ce. Kin ce ba ki faɗa ba."

"Na faɗa," in ji tsohuwar, idonta ya kawo ruwa. "Tun watan jiya nake ciki. Amma wanda aka ciro shi ke faɗin kalmar, ba mai cirowa ba."