Talatar Malama

Mai shagon littattafai ya jera mata dayari kala uku a kan kanta, ya koma gefe yana sakace, don ya san Malama ba a yi mata gaggawa. Duk ƙarshen shekara sai ta zo, ta yi ta juya su kamar mai zaɓen kankana.

Na farko ɗan mitsitsi ne, na aljihu. Ta ture shi da ɗan yatsa.

"Wannan ai na gwauraye ne, waɗanda ba su da kowa."

Na biyu mako guda a shafi biyu, an matse Asabar da Lahadi a can ƙasa, layi bibbiyu. Ta yi tsaki.

"Wanda ya buga wannan bai taɓa ganin Asabar ɗin mace ba."

Mai shago ya yi dariya har tsinken sakacen ya faɗi. "To Malama, sai babban naki na kullum. Rana guda, shafi guda. Ga zaren alamar shafi biyu, ɗaya na makaranta, ɗaya na gida."

Ta ɗauke shi, mai baƙin bango, nauyi kamar bulo. Ta rungume shi don ta buɗe jaka, sai gefensa ya danne mata ƙirji ta hagu. Ta ɗauke numfashi, ta yi maza ta mayar da shi hannun dama.

Nan ƙullin yake. Bara ta gano shi tana wanka, ɗan abu kamar ƙwayar wake. Sau biyu likita tana ba ta ranar da za a ɗebi ɗan nama a auna, sau biyu ranar tana wucewa Malama na can tana hidimar wani. Jiya da ta koma, likitar ta cire tabarau ta dube ta ido cikin ido.

"Ya ƙara girma, Malama. Yanzu cire shi za mu yi gaba ɗaya, ki kwana biyu a wajenmu. Talata ta biyu a watan gobe. Don Allah kada ki sake ɗagawa."

* * *

A gidan akwai al'adar da suke kira cika dayari. Ranar da aka sayo sabo, bayan la'asar, kowa zai hallara a falo ya kawo ranakunsa. Maigidan akawu ne, yana riƙe da lissafin kamfani guda, amma bai taɓa sanin ranar da ake komawa makaranta ba. In an tambaye shi sai ya nuna matarsa yana alfahari: "Ga dayarina nan, mai ƙafa biyu." Mahaifiyarsa, Iya, tana kishingiɗe a doguwar kujera. Auta, 'yar shekara bakwai, ita ce mai riƙon jakar alƙaluma.

Kafin kowa ya buɗe baki, Malama ta karɓi fensir ta nemi Talatarta, ta rubuta: asibiti, ni. Haka take yi tun fil azal, na mutane da biro, nata da fensir, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta dalili.

Sannan aka shiga yi mata dabaibayi. Awon hawan jinin Iya. Jarrabawar babban yaro. Taron iyayen yara, taron malamai, bikin ɗiyar abokin maigida, ranar kai mota wajen makaniki. Malama tana rubutawa da hannunta mai kyau, irin wanda ake kwafa daga allo. Auta ta ce a sa ranar da haƙorinta zai fita, aka kwashe da dariya.

"Yauwa," in ji maigida, yana latsa waya. "An sa wa Iya ranar cire yanar ido, Litinin ta biyu a watan gobe. Ni kuma ofis sun tura ni kwas, makon gaba ɗaya. Sai ki kula da ɗiga mata magani."

Malama ta buɗe wajen. Litinin a dama, ta juya, ga fensirinta.

"Abban Auta, washegari ne za a yi mini aikin nan."

Ya leƙo. Ba mugu ba ne, wallahi, fuskarsa ta nuna damuwa ta gaske. Sai dai damuwar ba ta daɗe ba ta koma lissafi.

"Kash! To wa zai zauna da Iya? Wa zai kai yara?"

"Ƙanwarka fa?"

"Kin dai san halin mijinta."

"To ka nemi a ɗaga maka kwas ɗin."

"Haba Malama, a ɗaga kwas? Ni kaɗai?"

Iya ta gyara kwanciya. "Mu da muka haifi tara ba mu taɓa kwanan asibiti ba. Ki shafa man zafi, 'yar nan, kaluluwa ce."

Malama ta ajiye biro. Ba ta saba faɗin irin wannan ba, don haka muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Tsoro nake ji."

Maigida ya matso ya dafa kafaɗarta.

"Ki daina kawo wa kanki wannan. Ai kin ce ba ya ciwo sosai. Da na dawo, ni da kaina zan kai ki, in zauna a bakin gadonki."

Haka ya ce bara, da wannan muryar, da wannan hannun, kuma har ransa yake nufi.

Auta yarinya ce mai wayo, ta ga inda maganar ta dosa. Ta zuge jaka ta zaro magogi ta miƙa wa uwarta tana murmushi, tana jiran a ce ta kyauta.

"Kin kyauta," in ji Malama.

Ta goge, ta hure ɓurɓushin daga shafin. Ta ɗauki biro ta rubuta: maganin idon Iya, safe, rana, dare.

* * *

Da aka watse, ta zauna ita kaɗai da fensir tana neman wata Talatar. Ta gaba, za a koma duba idon Iya. Ta gaba da ita, masu duba makarantu. Daga nan jarrabawa, daga nan makin takardu, daga nan hutu, yara na gida ba mai tsaron su. Duk inda ta kai bakin fensir, sai ta ji muryar wanda zai ce kash.

Tana ta juyawa har takardun suka ƙare mata a hannu. A shafin ƙarshe masu bugawa sun sa kalandar baɗi, watanni goma sha biyu a jere, farare tas. Ta daɗe tana kallonsu. Ba ta san ko da hannunta za a cika su ba.

Daga ɗaki Iya ta ɗaga murya, a zo a gyara mata filo.

"Ga ni nan, Iya," in ji Malama. Ta dafa kujera da hannun dama ta miƙe.